Mutumin da Ya Mayar wa Ma'aikata Muryoyinsu

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari mai babbar masaƙa, tun zamanin da ake ɗaukar magana a kaset. Malam Haladu ake ce masa. Malamin jami'a ne, fanninsa nazarin zaman jama'a: yadda ma'aikata ke rayuwa, da abin da ke sa su haɗa kai su ce sun ƙi.

Shekara tara yana zuwa bakin masaƙar nan da 'yar rikodarsa. Ba ofis yake shiga ba. Benci yake hawa wurin mai tuwo, ya sa hannu a kwano ɗaya da ma'aikata. Duk wanda zai yi masa magana, sai Malam Haladu ya ce da shi, "Muryarka ajiya ce a hannuna, ba za ta kai kunnen masu masaƙa ba."

Daga bakinsu ya gano abin da ya rubuta. Ya ce yunwa kaɗai ba ta fitar da ma'aikaci yajin aiki, don ya daɗe da saninta. Raini ke fitar da shi: a lalube aljihun dattijo a bakin ƙofa gaban sa'o'in 'ya'yansa, a hana shi minti biyar na salla. Wallahi ni ban taɓa jin ɗan boko ya faɗi gaskiyar talaka haka ba.

Littafi ya kammala, saura kwamitin jami'a ya saurari kaset-kaset ɗin a matsayin hujja, a ba shi farfesa. Sai yajin aiki ya tashi. Ku saurara nan, jama'a. Masu masaƙa suka bi ta sama, shugaban jami'a ya kira shi.

"Haladu, ka kawo kaset ɗin nan kafin Juma'a. Kwamiti zai ji, mutanen masaƙa ma za su ji, su san masu zuga. Kujerarka ta tabbata."

"Ranka ya daɗe, in suka ji, mutum nawa za a kora?"

"Wannan ba ruwanka."

Wai ba ruwansa! Bawan Allahn nan ya zuba kaset ɗari da ashirin a buhu, ya ɗaure a bayan babur, ya bi unguwar ma'aikata gida-gida yana sallama, yana miƙa wa kowa nasa. Da ya zo wurin Baba Mato, tsohon mai gyaran inji, sai tsohon ya riƙe masa hannu.

"Malam, in ka ba mu, da me za ka kare littafinka?"

"Baba, littafin nawa ne, ina da ikon yin asararsa. Muryar nan kuwa taka ce."

Kwamiti ya ce littafi ba hujja. Har ya yi ritaya ba a kira shi farfesa ba, ɗalibansa suka hau suka bar shi. Amma ko mutum ɗaya ba a kora ba, don an rasa wanda za a nuna. Ranar da Allah Ya karɓi ransa injuna suka tsaya cak, ba wanda ya ba da umurni. Sahun jana'iza sai da ya rufe titi. Irinsa muke alfahari da su, Allah Ya jiƙansa.

To jama'a, maganar da mutum ya faɗa maka don ya yarda da kai, amana ce. Shi ya bar kujera don ya tsare ta. Kai kuwa ɗan'uwanka ya turo maka murya a waya yana kukan zuci, kafin la'asar ka tura wa mutum goma, ba a ma yi maka alkawarin komai ba. Kowa ya duba wayarsa yau, ya ji tsoron Allah.