Gidan Inna na Tsallaken Titi

Akwai wani ma'aikacin ofis da mutanen unguwa ke kira Lauya. Bai taɓa shiga kotu ba, gardama ce kawai ba a kayar da shi. In ya buɗe baki, ko kai ne da gaskiya sai ka koma gida kana tuhumar kanka.

Ba abin da ke ci masa rai kamar cunkoson titin ƙofar gidansu. Kullum da safe sai ya yi gumi a mota, ya isa ofis a makare, ya sha faɗa.

Mahaifiyarsa kuwa, wadda yake kira Mama, ba ruwanta da cunkoso. Da hantsi take ɗaukar sandarta ta tsallaka gidan yayarta, Inna, da ke kallon nasu. Titin ƙarami ne, direbobi na tsaya mata. Idon Inna ya yi rauni, Mama ce ke ɗiga mata magani. Daga nan sai hira da musu a kan wadda ta fi rashin ji suna yara. Su biyun nan kaɗai suka rage a ɗakinsu.

Wata rana hukuma ta tara mutanen unguwa a makaranta. Aka ce su zaɓa: ko a faɗaɗa titin, ko a bar shi a zuba manyan motocin haya, a gyara wuraren tsallakawa.

Mai Katako ne ya fara miƙewa. Mutum ne marowaci mai baƙar magana, kuma kowa ya san in aka faɗaɗa titin rumfarsa ce za ta fara tashi.

Ya ce, "Jama'a, ku yi tunani. Duk wanda ke zagayawa ta wata hanya don gudun cunkosonmu, ranar da aka faɗaɗa nan zai dawo. Wanda ya ajiye motarsa ma zai fito da ita. Sannan tsofaffi da yara, ta ina za su tsallaka?"

Lauya ya yi dariya ya ce, "In ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse ne. Malam, tsofaffi kake tausayi ko katakonka?"

Ɗaki ya ɗauki shewa. Mai Katako ya zauna yana huci. Ba wanda ya lura cewa an kunyata mutumin ne kawai, tambayarsa na nan ba a amsa ba.

Jama'a suka zaɓi faɗaɗawa, aka yi titi, fes da shi. Aka gina katangar siminti a tsakiya, aka kafa mata ƙarfe a sama. Gadar masu ƙafa tana can nesa, da matakala kamar za a hau sama. Mama ta gwada sau ɗaya, gwiwoyinta suka ce ba da su ba.

Lauya ya ce, "Kada ki damu, Mama. Ni zan riƙa kai ki a mota."

Da farko ya cika alkawari, yana tuƙi yana yabon kansa. Amma kafin shekara ta zagayo motoci suka cika titin maƙil, har ya fi da. Wurin juyawa kuma sai an yi tafiya mai nisa. Zuwa gidan da ake hangowa daga ƙofa ya koma aikin rabin yini. Sai aka shiga "gobe, Mama" da "bari ƙarshen mako ya zo".

Mama ta koma tsayawa a ƙofar gida. Tana hango Inna zaune a tata ƙofar, ta juyo da fuska wajen titi. Mama ta yi ta ɗaga hannu, alhali ta san ba ganinta ake yi ba. Wallahi abin da ban tausayi.

Ran nan da safe aka bugo waya, aka ce jikin Inna ya yi tsanani, ƙanwarta kawai take kira.

Lauya ya sa Mama a mota. Suna hawa titi suka tsaya cak. Ya danna ham, ya leƙo yana roƙon direbobi, amma wa zai matsa, ya matsa ina? Ga ƙofar Inna can ta bayan ƙarfen, ko jifa ka yi sai ya kai.

Suna nan zaune suka ga maƙwabta na shiga gidan da sauri. Can sai kuka ya tashi, har ya rinjayi ƙarar injuna.

Mama ta daɗe tana kallo. Sannan ta dafa hannunsa ta ce, "Bar ham ɗin haka, ɗana. Ba sauran sauri."

Ya kifa kai a sitiyari ya fashe da kuka.

A wurin gaisuwar rasuwar Inna, Lauya ya haɗu da Mai Katako. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka faɗa, ban ji ba."

Mai Katako ya ce, "Kada ka mai da ni waliyyi. Don rumfata na yi magana, ba don mahaifiyarka ba. Amma ai ba ƙarya na faɗa ba."

Har yau Lauya na makara ofis. Mama kuma da hantsi takan ɗauki sandarta ta fito ƙofa, ta tsaya tana kallon tsallake, sannan ta koma ciki. Ta daina ce masa ya kai ta ko'ina.

Darasi: A auna magana, ba bakin da ta fito ba. Mai son zuciya ma kan faɗi gaskiya, kuma kunyata mutum a taro ba amsa hujjarsa ba ne. Kafin ka goyi bayan kowane aiki, tambayi wa zai amfana, wa kuma za a bari a tsallake, don da-na-sani ƙeya ce. Ku tura wa 'yan uwa, musamman gwanayen gardamar cikinmu.