Ƙunshin Kura

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikalle.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Akuya ce mai ƙunshi a wani gari. Rannan tana kwaɓa lalle sai ga Kura a bakin ƙofa, miyau na zuba.

Kura ta ce, "Yau ke ce kalacina."

Akuya ta dake. Ta ce, "To, Yaya. Sai dai jibi bikin 'yar Zaki, kuma ni kaɗai ke ƙunshi a garin nan. Haka za ki je da ƙafa furu-furu kamar kin tattaka toka?"

Kura ta dubi ƙafafunta, kunya ta kama ta. Ta ce, "Yi mini maza, in ya so na cinye ki daga baya."

Akuya ta lafta mata lalle ƙafa huɗu, ta rufe da ganye, ta naɗe da tsumma. Ta ce, "Kika motsa, zai fito dabbare-dabbare, mata su yi miki dariya."

Sai ta tattara 'ya'yanta ta kama hanya, ko sauri ba ta yi.

Tsumma ne fa, yara, fizga ɗaya zai tsinke. Amma Kura ta ƙame, tana kallon abincinta yana tafiya. Ta ɗaga murya ta ce, "Ke Akuya, ya kama?"

Daga bayan ganuwa Akuya ta ce, "Da saura, Yaya."

Kura ta je biki da yunwa, amma ƙafa ja wur.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, a tashi a wanke hannu.