Agogon da Ya Ƙi Tafiya a Hannun Baba

'Yan uwa na wannan shafi, ku ɗan ba ni aron hankalinku. Akwai wani matashi da kowa a gidansu ke kira Auta, duk da gemu ya riga ya cika masa fuska.

Auta ya yi shekaru ba ya gida. Ya yi dako, ya yi gadi, ya yi wanke-wanke a gidan abinci, babu inda ya zauna har kujera ta yi ɗumi. Da ya dawo, bai zo da mota ba, bai zo da mata ba. Akwati ɗaya ya sauke, rabi tufafi, rabi ƙananan kwalaye cike da ƙarafan da sai ka ƙanƙance ido kafin ka gan su.

Duk wanda ya taɓa dawowa gida bayan dogon lokaci ya san irin tarbar. Baki na yi maka sannu da zuwa, ido na leƙen hannunka.

A can yawon nasa ne ya kamu da son haɗa agogon hannu. Ba mai batir ba. Irin wanda sifirin, wato siririyar waya naɗaɗɗiya, ke tuƙawa, haƙorin ƙarfe na tura haƙori, in ka kara a kunne ka ji yana bugawa kamar zuciyar ɗan tsuntsu. Sai ya sayi inji daban, gida daban, fuska da allurai masu nuna lokaci daban, ya zauna ya haɗa. Abin da bai yi masa ba ya kwance ya sake. Ba ya sayarwa, ba ya karɓar gyara. Shi ne dai abu ɗaya a duniya da ke iya zaunar da shi wuri guda.

Mahaifinsu tsohon kafinta ne. Shagonsa na jikin gidan, amma yanzu babban ɗansa, wanda suke kira Yaya, shi ke riƙe da aikin. Baba kan zauna a kujera bakin ƙofa, hannun hagu cikin aljihun riga, yana nuna wa ma'aikata kuskurensu da na dama. Har gobe saboda sunansa mutane ke kawo aiki.

A bayan shagon akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya. Auta ya share shi, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma saboda ƙurar katako, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya jera hantsaki da 'yan sukundirebobinsa masu sirantar tsintsiya.

Yaya bai taɓa wucewa bai yi magana ba.

"Makanikin tururuwa, an tashi lafiya? Yau motar wa ake ɗaure wa taya?"

"Yaya, rufe min ƙofa, kana shigo min da ƙura."

"Ƙurar nan ita ta biya kuɗin makarantar da ka gudu ka bari."

Auta ya yi niyyar rufe bakin kowa, sai ya haɗa wa Baba agogo. Baƙar fuska ya sa wa agogon, ya zana manyan lambobi farare da hannunsa saboda idon tsoho. Ya cire murfin baya na ƙarfe ya sa na gilashi. Ta nan za ka hango wani ɗan ƙarfe mai nauyi, kamar rabin wata, yana lilo. Duk lokacin da mai agogon ya motsa hannu, ƙarfen ya juya, sai ya ɗaure sifirin. Wato ba ya neman batir, ba ya neman a murza shi. Motsin hannunka ne abincinsa.

Shi da kansa ya ɗaura wa Baba a hannun hagu. Baba ya duba ya duba, ya ce, "Ba laifi."

A bakin Baba, wannan kalma lambar yabo ce.

Ba a jima ba wani mai kawo aiki ya tambayi Baba lokaci. Baba ya leƙa ya ce ƙarfe tara. Mutumin ya ɗaga kai ya dubi rana da ta take tsaka, ya dubi Baba. Shago ya ɗauki dariya.

Auta ya karɓi agogon, kunnuwansa na zafi. Ya kwance shi kaf, ya wanke, ya ɗiga mai da bakin allura, ya mayar. Bai ga komai ba. Ya ɗaura a nasa hannun kwana da kwanaki, agogo na tafiya daidai, ko tuntuɓe babu. Ya mayar wa Baba. Ya sake tsayawa.

Ranar Yaya ya yi magana a tsakar gida, gaban Baba da mahaifiyarsu Umma.

"Ni ina da katakon da ruwa ke duka a waje, shi yana da ɗaki yana wasan yara. To ga magana. Ka gyara ka ba shi. In ya ƙara tsayawa, ɗakin ya koma wajen ajiya, kai kuma ka zo ka riƙe zarto kamar kowa."

Umma ta ce, "Auta, ka ba shi haƙuri mana, ka saya wa Babanku mai batir a huta."

"Umma, ba zan ba da haƙurin laifin da ban yi ba. Na yarda, Yaya. Amma ka sani agogona lafiyarsa ƙalau."

"Lafiyarsa ƙalau, barci ne dai ya yi masa yawa. Gado ya yi."

Wannan karon Auta bai buɗe agogon ba. Ya murza shi, ya saita, ya ɗaura wa Baba. Sannan ya jawo benci ya zauna a bakin shago, abin da bai taɓa yi ba. Ma'aikata suka ɗauka ya fara saduda. Shi kuwa hannun Baba yake kallo.

Ya ga Baba ya tashi, da hannun dama kaɗai ya dafa kujera. Ya ga an kawo ƙofa a duba, Baban da a da yake danne bakin tef ɗin awo da hagu ya ja da dama, yau sai ya ce wa ma'aikaci, "Riƙe min can." Ya ga ƙuda ya sauka a kafaɗarsa ta dama, ya bar shi har ya gaji ya tashi. Tun safe har yamma hannun nan bai fito daga aljihu ba.

Sai ya tuna nauyin hannun duk lokacin da yake ɗaura masa madauri. Kamar ka ɗaga hannun mai barci.

Da aka tashi daga aiki ya bi Baba ɗakinsa ya tura ƙofa.

"Baba, matse min yatsa da hannun hagu."

"Kai, fita ka ba ni wuri."

"Ba inda za ni. Agogon nan motsi yake ci. A hannuna yana tafiya, a naka yana mutuwa. Ko dai ni maƙaryaci ne, ko hannun nan ya daina aiki. Matse min."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya zaro hannun da taimakon ɗayan. Yatsun suka kewaye yatsan Auta, suka kasa rufewa.

"Da safe na tashi na gan shi haka," in ji Baba, murya ƙasa-ƙasa. "Tun kafin ka dawo. Ko uwarku ba ta sani ba."

"Don me, Baba?"

"Don na ga yadda ake yi. Ranar da aka ce hannun kafinta ya mutu, ranar za a shimfiɗa masa tabarma a cikin gida, a riƙa yi masa sannu kamar mai jego. Masu kawo aiki su watse. Ni ban shirya zama kaya ba. Ka rufe min bakinka."

"Bakina a rufe yake. Amma asibiti sai mun je."

"Ni za ka ba umarni? Yaushe aka haife ka?"

"Ba da jimawa ba. Amma sai mun je."

Baba ya ce sai ya yi tunani. Kun san tunanin tsofaffi, ba ya da ranar ƙarewa. Kullum Auta ya tuna masa, kullum ya ce gobe. Cikin wannan jan ƙafa agogo ya sake tsayawa, kuma Yaya ne ya fara gani.

Da hantsi ya zo ƙofar ɗan ɗakin da ma'aikata biyu. Auta ya fito ya tsaya a bakin ƙofa. Umma ta leƙo daga cikin gida. Baba na kan kujerarsa, yana jin komai.

"Alkawari ya cika," in ji Yaya. "Amma ni ba mugu ba ne. Ka buɗe baki gaban kowa ka ce ka kasa, in bar maka lungu ɗaya ka ajiye tarkacenka."

"Ban kasa ba."

"To me ya tsayar da shi? Aljanu?"

Amsar na kan harshen Auta. Kalma uku kawai, ɗakinsa ya tsira, dariya ta koma kan wani. Ya dubi inda Baba yake. Tsohon ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa.

"Agogona lafiyarsa ƙalau," in ji Auta.

"Kai dai taurin kai zai kashe ka. Shekara nawa kana yawo, abin da ka koyo ke nan? Ƙarya da gardama?"

"Ɗauki ɗakinka, Yaya, alkawari ne. Amma kalmar nan ba za ka ji ta a bakina ba, ko za a shekara a nan."

Ya matsa gefe. Ma'aikata suka fitar da kujera. Yaya da kansa ya tattaro farin ƙyallen da duk abin da ke kai, ƙananan ƙarafa na zubewa cikin garin katako. Auta ya ga wani sifirin da ya yi wata yana jira ya faɗa ƙasa ya ɓace. Ya cije leɓe.

"Ajiye."

Baba ne. Ya miƙe tsaye.

"Na ce ajiye masa kayansa. Miƙo min gudumar can."

Yaya ya miƙa masa, yana mamaki. Baba ya zaro hannun hagu daga aljihu ya karɓa da shi. Guduma ta zame ta daki ƙasa. Ya ce a sake miƙo masa. Ta sake faɗuwa.

Umma ta dafe ƙirji.

"Ga abin da ya tsayar da agogo," in ji Baba. "Kullum ina zaune a gabanku, ku da kuke gani na safe da yamma, ba wanda ya lura. Yaron nan ya gano, na ce ya yi shiru, ya yi shiru kuna tattaka shi. To ni na gaji da jin kunyar kaina."

Yaya ya tsaya da ƙyalle a hannu, ya rasa inda zai sa ido. Daga baya ya durƙusa, ƙaton mutum, yana tone garin katako da yatsa yana neman abin da ko sunansa bai sani ba.

"Wane iri ne ya faɗi?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Bar shi, Yaya. Tashi ka nemo mota."

A ranar suka je asibiti. Likita ya ce jini ne ya hau ya taɓa shi, kuma zaman ɓoyon da ya yi ya fi ciwon haɗari. Ya ba shi magani, ya ce lallai yatsun nan su riƙa aiki kullum, ko suna so ko ba sa so.

Baba ya sha magani, amma motsa yatsu ya ce wasan yara ne. Aka ba shi ƙwallon roba ya matsa, ya jefa wa kyanwa.

Sai Auta ya koma ɗakinsa, wanda ba a ƙara maganar katako a kansa ba. Ya buɗe agogon ya cire ɗan ƙarfen nan mai lilo gaba ɗaya. Ya cire ƙaramin kan da ake murzawa, ya sa babba mai kaushi wanda yatsa zai iya kamawa. Ya kawo wa Baba ya ɗaura masa, wannan karon a hannun dama.

"Yanzu ba ya cin motsi. Kullum da safe sai an murza shi, kuma a inda yake, hannun hagu ne kaɗai zai kai. In ya tsaya, kowa a shagon nan ya san mai laifi."

"Ɗan banza," in ji Baba. "Tarko ka haɗa min."

Washegari da safe suna tsakar gida, Baba ya kama kan agogon da yatsu biyu. Suka zame. Ya sake, suka zame. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Umma ta taso za ta karɓa, Auta ya tare ta.

"Umma, kar ki taɓa."

"Kai wane irin yaro ne mara tausayi? Ba ka ganin yana wahala?"

"Ƙyale shi," in ji Baba, haƙora a cije. "Ba daga waje ya sayo taurin kan ba."

Ya sake kamawa. Kan agogon ya juya kaɗan. Ya ƙara, ya ƙara. Sannan ya ɗaga hannu ya kara a kunne, ya daɗe yana saurare. Ya miƙe, ya bar hannun hagu a waje yana reto, ya nufi shago yana ɗaga murya tun daga zaure.

"Wa ya yanka katakon nan a karkace?"

Darasi: In ka tabbata aikinka daidai ne, kada ka ce ka kasa don kawai a bar ka ka huta. Amma kada ka wanke kanka da tona asirin wanda ya ba ka amana, ko da kai za a yi wa dariya. Ku kuma masu iyaye a raye, ku riƙa kallonsu da kyau, don da yawansu suna ɓoye ciwo saboda tsoron a ajiye su gefe. Ka tura wannan ga ɗan uwanka da aka raina abin da yake so, da wanda ya kwana biyu bai riƙe hannun mahaifinsa ba.