Malati da Furen da Ta Shaƙa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun buɗe kunne.

A can ƙasar Hindu aka yi wata mata, Malati. Aikinta shirya furanni a zare, ta kai ɗakin bautar garinsu. Su mutanen can, fure suke miƙa wa abin bautarsu. Sun ce fure zuciyar mutum ce, ƙamshinsa kuwa na wanda aka kai wa ne. Wanda ya riga ya shaƙa, ragowa ce ya kai. Don haka Malati da ƙyalle take ɗaure hancinta in tana aiki. Shekara talatin ba ta taɓa shaƙa ba.

Ran babban biki, wani farin fure ya buɗe a tafin hannunta. Ta duba dama, ta duba hagu. Ta ja ƙyallen ƙasa, ta shaƙa. Sau ɗaya tak. Kun san zuciya, ba ta da ƙashi. Ta soke shi a zare cikin 'yan'uwansa, ta ɗauki kwando, ta kama hanya.

Ta gamu da ƙudan zuma. Ya kewaya kwandon, bai sauka ba. Ya ce, "Inna, yunwa nake ji, amma ba nawa ba ne. A wurinki na koya."

Malati ta sunkuyar da kai, ta wuce.

Ta gamu da iska. Iska ta tsaya cik. Ta ce, "Wuce, Inna, kada in kwashi ƙamshin. Ba nawa ba ne. A wurinki na koya."

Malati ta ji kwandon ya yi nauyi, ta wuce.

Ta gamu da saniya, duk ta rame. Saniya ta kau da kai. Ta ce, "Ba nawa ba ne, Inna. A wurinki na koya."

Ni dai da ni ce, da na gwammace a zage ni.

Ta isa ɗakin bauta. Ga sarki, ga jama'a. Tsoho mai kula da ɗakin ya miƙo hannu, ya ce, "Kawo, 'yata, mai hannu tsarkakakke."

In ta miƙa, ba wanda zai sani. In ta faɗa, aikin shekara talatin ya tafi. Ta tsaya.

Ta ce, "Baba, kada ka karɓa. Na shaƙi ɗaya."

"Wanne?"

"Na haɗa su. Ban san wanne ba."

Kunya ta rufe ta, ta so ƙasa ta tsage ta shige. Sarki ya ce, "A karɓe mata kwandon, a ba wata."

Sai wata murya ta fito daga cikin ɗakin, daga wurin abin bautar. Ta ce, "Ku bar mata kwandonta. Furannin yau ragowa ne, ba na so. Amma maganar nan, ba ta faɗa wa zuma ba, ba ta faɗa wa iska ba, ba ta faɗa wa saniya ba. Ni ta fara kawo wa. Na karɓa."

Malati ta durƙusa tana kuka. A ranar ba a ajiye fure ko ɗaya a ɗakin ba, kuma har gari ya waye ɗakin yana ƙamshi.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ta ƙare a nan. Wanda ya yi laifi ya faɗa da bakinsa. Kunyar yini ɗaya ta fi yabon da ba naka ba.