Mai Askin da Ya Ƙi Tsinka Magani

Akwai wani mai aski, irin mutanen nan da ba sa iya zama wuri ɗaya. In babu kan askewa sai ya goge madubi, ya juya kujera, ya leƙa titi, ya dawo ya sake goge madubin. Abin da ya hana shi sakat sabon shagon aski ne a tsallaken titi, wai can an fi tsabta, mutanensa sun fara zamewa.

Rannan ya sayo galan na baƙin maganin nan mai warin asibiti, wanda yake komawa fari kamar madara in ya ji ruwa. Yayarsa mai aikin shara a asibiti ta biyo ta gani.

"Auta, wannan fenol ne a ciki. Murfi ɗaya a bokiti, na wanke ƙasa da bayi ne. Kar tsuransa ya taɓa fata."

"Yaya, ke dai tsintsiya kika sani. Magani in an tsinka ai ya zama ruwa."

"To, Allah ya ba da sa'a."

Tana fita ya tsiyaya tsuransa a kofi. Sai ga kawunsa, tsohon direban da bai taɓa kai kansa wani shago ba. Gogan naku ya gama aski, ya tsoma auduga a kofin, ya goge masa ƙeya.

"Kawu, da zafi?"

"Da farko dai. Yanzu ko hannunka ba na ji."

"Ka ji aikin zamani."

Jama'a, mugun halin fenol ke nan, sai ya kashe jin wurin sannan ya ci fata. Kafin a karkaɗe gashi ƙeyar kawu ta yi fari fat, ta yamutse.

Mai aski ya yi ƙofa, ya dawo, ya ɗauki tawul, ya ajiye. Da ƙyar ya iya danna lambar yayarsa.

Ba ta yi masa gori ba. "Cire masa riga, kai shi famfo, ruwa ya yi ta zuba. Kar ka shafa komai. Sai ku taho, ina bakin ƙofar asibiti."

Kawu na duƙe a gindin famfo yana cewa, "Ɗan nan, aski na zo ko wanki?"

Sati uku yana yawo da bandeji, duk wanda ya tambaya sai ya ba shi labari tun daga farko. Ya warke, da tabo. Yanzu a tsallake yake aski, kuma sai ya sa an juya masa kujera tana kallon shagon ɗan ƙanwarsa, yana ɗago masa hannu.

Darasi: Wanda yake aiki da abu kullum ya fi ka saninsa, ko da tsintsiya ce a hannunsa. Maganin wanke ƙasa ba na jiki ba ne, a tsinka shi yadda aka rubuta a jikin galan. Ku tura wa wannan ɗan'uwan naku da ba a gaya masa magana, kun san shi.