Mai Keji Da Ɗakinsa Mai Taya

Akwai wani mutum da sana'arsa haɗa kejin kaji. Don Allah kar a biyo ni ana tambaya ko waye, ni ma ji na yi.

Wata rana ya gani a waya yadda ake haɗa ɗan ɗaki a kan taya, a ja shi da mota a je a kwana a bakin ruwa. Shi ke nan abu ya shiga ransa. Ya samo tayoyin tsohuwar mota biyu, ya jibge katako da kwano a tsakar gida. Har igiyar shanya sai da ya kwance, wai tana tare masa haske.

Matarsa ta leƙo ta ce, "Baban yara, ko in riƙe maka wani abu?"

Ya ce, "Riƙe bakinki kawai. Ni da na haɗa keji ya fi gashin kanki yawa? Ki rantse hannunki ba zai taɓa abin nan ba."

Ta ce, "Na rantse."

Ɗaki ya yi kyau, gaskiya. Ya sa katifa, ya shafa koren fenti, ya yi 'yar taga da ragar waya. Ranar gwaji ya ɗaura shi a bayan mota, ya ɗauki matar suka nufi bakin wani tafki. A hanya shi kaɗai ya shanye shayin da ta zubo a filas, yana ta ba ta labarin basirarsa.

Da suka isa ya ce, "Tsaya nan ki ga yadda manya ke hutawa." Ya shiga ya ja ƙofa. Sai ji aka yi ƙwas.

Ashe sakatar keji ya sa, irin mai faɗawa da kanta. Kuma ta waje, don tun da yake bai taɓa haɗa ɗakin da na ciki zai buɗe da kansa ba. Kaza ba ta buɗe ƙofa.

Ya tura, ya sake turawa. Shiru. Aikinsa kuma akwai ƙarko. Ga rana ta gasa kwano, ga shayi ya fara neman hanyar fita.

Ya manna baki a raga ya ce, "Ke, ɗaga sakatar nan."

Ta shimfiɗa tabarma a inuwa ta ce, "Ai na rantse, Baban yara."

"Na janye."

"Kai ka janye. Ni ce mai rantsuwar."

Ta fito da dafaffen ƙwai tana ɓarewa a hankali. Wani mai kamun kifi ya zo wucewa, ya ga ido biyu a bayan raga. Ya ce, "Baiwar Allah, na sayarwa ne?"

Ta ce, "A'a, ya tsufa, ba zai yi nama ba."

Mai keji yana ciki yana ɗaga wannan ƙafa yana sauke waccan. Can muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce, "Maman yara, na yi kuskure. Na raina ki, ki yi haƙuri. In kika ƙara jinkiri katifar nan ta tashi aiki."

Ta ce katifa dai ba ta yi mata laifi ba. Ta ɗauki cokali ta ɗaga sakatar da shi, hannunta bai taɓa komai ba. Ya fito ko takalmi babu, ya yi bayan wata bishiya da gudu.

Suka kama hanyar komawa. Can ya ce, "A ganinki ta ina ya kamata in mayar da sakatar?"

Ta ce, "Bar ta inda take. Ni ta yi min daidai."

Darasi: Komai iyawarka, kar ka rufe bakin wanda kuke tare, wata rana shi ne a wajen ƙofa kai kana ciki. Ku tura wa 'yan uwa su amfana. Amma in kun san wani mai haɗa keji, don Allah ku tsallake shi.