Baiti Bakwai na Simalos

Ina da wani ɗan hali da ban taɓa gaya wa matata ba. In aka buga littafin tunawa da wani taro, sunana nake fara lalube, sannan in ƙirga layin da aka ba abokaina. Shi ya sa labarin nan ya zauna mini.

An ce wai a wani tsibiri na ƙasar Girka an yi wani sarki mai suna Timarkos. Mutanen tsibirin suna da tsohuwar waƙa rubuce a fatar tumaki, ta wani jarumi da ya shiga jirgi da matuƙa talatin ya kashe dodon teku. Kowace shekara ana bikinsa, a yanka bijimai, wata tsohuwa mai suna Mirtale ta rera waƙar. Kuma gidan da waƙar ta fi daɗewa a kan kakansu, su ke ɗaukar filafilin jirgin a gaban jama'a.

Shekara da shekaru gidan Mikon maginin tukwane ke ɗauka, domin kakansa Simalos yana da baiti bakwai. Maƙwabcinsa Dorkis, mai sayar da man zaitun, kakansa rabin baiti ya samu: sunansa, sai "shi ma yana ciki". Abin ya hana Dorkis jin daɗin abinci. In Mikon ya wuce da filafili a kafaɗa, sai ya ce rana ce ta shige masa ido.

Ran nan Dorkis ya kai ƙara fada.

"Ranka ya daɗe, jirgi ɗaya suka shiga, ruwa ɗaya ya jiƙa su. Ko a goge shida da rabi, ko a mayar wa kakana su. Filafilin nan mu ma muna da kafaɗa."

Mikon ya yi murmushi, ya ce, "Haba maƙwabci, ni na rubuta? Wanda ya yi abin faɗa shi ake faɗa."

Sarki ya dube su ya ce, "Me baitocin suka ce?"

Ba wanda ya sani. Ashe daidai wurin jera sunayen matuƙa ake fara rabon naman layyarsu, kowa hankalinsa na kan akushi. Mikon kansa sunan kakansa kawai yake tsinta, ya ƙirga bakwai da yatsu, bakinsa cike.

Sarki ya ce, "Ba na hukunci a kan abin da ban ji ba. Bana ba mai taɓa nama sai an wuce matuƙa."

Ranar biki jama'a suka zauna da yunwa, kunnuwa a buɗe. Mirtale ta rera. Baiti na farko, Simalos ya makara, jirgi ya jira shi. Na biyu da na uku, amai yake yi. Na huɗu, filafilinsa ya suɓuce ya bi ruwa. Sauran ukun kuwa, da dodo ya ɗago kai, Simalos ya shige cikin tulun giya yana kiran sunan uwarsa, sai da aka fasa tulun aka fito da shi.

Dariya ta ɓarke har wani dattijo ya faɗo daga kujera. Mikon ya zube gaban sarki.

"Ranka ya daɗe, maƙwabcina ya yi gaskiya. A goge, ko a ba kakansa."

Dorkis ya yi tsalle ya ce, "A'a! Wa zai taɓa maganar magabata? A bar wa mai abu abinsa."

Sarki ya ce, "Jiya kowannenku yana son baitocin, yau kowa yana miƙa wa ɗan'uwansa. Ku saurara. Jirgin nan ya je ya dawo, kuma ba Simalos ya tuƙa shi ba. Wanda mawaƙi ya duba bai sami abin faɗa a kansa ba, shi ne wanda ya zauna a wurinsa yana tuƙi. Waƙa ta tsaya yadda take. Filafili ya koma gidan Dorkis."

Dorkis ya ɗauka yana tafe yana waige, don ya ga ko ana kallonsa. Ba a kallonsa. Jama'a sun kewaye Mikon suna cewa a sake musu wurin tulun. Kafin wata ya ƙare Mikon ya fara gina tuluna da hoton mutum a ciki, har daga wasu tsibiran ake zuwa saye. Dorkis ya jingine filafili a zaure, ya koma cewa rana ce ta shige masa ido.

Masu hikima suka ce, kafin ka yi ƙyashin yawan ambaton da ake wa wani, tsaya ka ji me ake cewa, domin mai riƙon aikinsa rabin baiti ya ishe shi.

Magana ce mai kyau, ni ma nakan faɗa wa yara. Sai dai an ce fatar ta daɗe da lalacewa, ruwa ya ci wani ɓangare, ɓeraye suka ƙarasa. Abin da ya saura baiti bakwai ɗin nan ne. Kakan Dorkis kuwa, na so in gaya muku sunansa, amma ba wanda ya sani.